Jadawalin Waƙoƙi da Cinikin Faifai a Shekarun Baya: Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tun da na fara rubutu a kan tsofaffin faya-fayan Amurka da Birtaniya, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mini, wani lokaci ma daga wurin mutumin da na riga na amsa masa. Na tattara su a nan domin in amsa su gaba ɗaya, kuma ina roƙon duk mai niyyar sake tambaya ya karanta wannan tukuna.

Waƙar da ta zo ta ɗaya a jadawali, ita ce ta fi kowace ciniki?

A'a. Jadawali, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe, na mako ne, kuma matsayi na ɗaya yana nuna cewa waƙar ta wuce abokan kararta a wannan makon kaɗai. Cinikin da zai kai faifai kan gaba a makon da kasuwa ta yi sanyi ba lalle ne ya kai shi na biyar ba a makon Kirsimeti. A 1967 faifan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles mai ɗauke da "Penny Lane" da "Strawberry Fields Forever" ya tsaya a na biyu a Birtaniya saboda "Release Me" ta Engelbert Humperdinck ta tare masa hanya. Ƙungiyar Creedence Clearwater Revival kuwa sau biyar tana zuwa ta biyu a jadawalin Amurka, ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, kuma babu mai hankalin da zai ce faya-fayanta sun yi kwantai.

Yaushe aka fara wannan jadawalin?

Mujallar Billboard ta Amurka ta fara fitar da jerin faya-fayan da suka fi ciniki a faɗin ƙasar a watan Yuli na 1940, sannan ta ƙaddamar da Hot 100, jadawalin waƙoƙi ɗari da ke kan gaba, a ranar 4 ga Agusta, 1958, inda "Poor Little Fool" ta Ricky Nelson ta zo ta ɗaya. A Birtaniya jaridar New Musical Express ce ta fara, a ranar 14 ga Nuwamba, 1952, kuma "Here in My Heart" ta Al Martino ce a kan gaba.

Mene ne faifan waƙa ɗaya?

Ƙaramin faifai ne mai faɗin inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. Yana da fuska biyu, waƙar da ake tallatawa a gaba, wata kuma a baya. Kafin shi akwai faifan garmaho mai nauyi da saurin fashewa, mai juyawa sau 78 a minti.

Ba duk maguɗi ba ne? An ce kuɗi ake biya a sayi matsayi.

Wannan magana tana ɓata mini rai, domin masu faɗinta sukan ji gefe ɗaya na labarin ne su yanke hukunci a kan tarihin shekara arba'in. Gaskiya ne an yi toshiyar baki. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki yadda kamfanonin faifai suke bai wa masu gabatar da kiɗa a gidajen rediyo kuɗi domin su riƙa sanya waƙoƙinsu, kuma wannan badaƙala ce ta rusa sana'ar Alan Freed, ɗaya daga cikin mashahuran masu gabatarwa na lokacin. Gaskiya ne kuma cewa hanyar ƙirgen kanta tana da ƙofofi. Jadawalin Birtaniya na farko, Percy Dickins na jaridar New Musical Express ne ya haɗa shi ta hanyar buga waya zuwa kantuna kusan 20 yana tambayarsu abin da ya fi tafiya. Billboard ita ma shekara da shekaru tana dogara da abin da masu kantuna da gidajen rediyo suka faɗa mata da bakinsu, kuma mai kanti ɗan Adam ne, yana iya mantuwa, yana iya son rai, ana iya yi masa kyauta.

Amma ku kwantar da hankalinku. Toshiyar baki tana iya ɗaga faifai daga matsayi na 45 zuwa na 30, ko ta ƙara masa mako ɗaya a sama, ba za ta iya tilasta wa miliyoyin mutane su fitar da kuɗinsu ba. A makon 4 ga Afrilu, 1964, Beatles sun riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a Hot 100, kuma babu cin hancin da zai sayi wannan.

Me ya sa wani littafi ya ce waƙa ta zo ta ɗaya, wani ya ce ta biyu?

Saboda kafin 1969 Birtaniya ba ta da jadawali guda da kowa ya yarda da shi, kowace jaridar kiɗa tana haɗa nata. "Please Please Me" ta Beatles ta zo ta ɗaya a New Musical Express da Melody Maker a 1963, amma ta tsaya a ta biyu a Record Retailer, kuma jadawalin Record Retailer ne aka ɗauka daga baya a matsayin na hukuma na shekarun 1960. Littattafan biyu duk ba su yi ƙarya ba, sai dai ku duba wane jadawali kowanne ya bi.

To, idan ina son sanin ainihin kwafi nawa aka sayar na wani tsohon faifai, yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci doguwar amsa, kuma tun farko zan gaya muku cewa abin da za ku samu sau da yawa iyaka ce ta ƙasa da ƙiyasi na sama, ba adadi guda tsayayye ba.

Abu na farko shi ne shekarar da faifan ya fito. A Amurka, ƙirge na haƙiƙa ya fara ne a 1991, lokacin da kamfanin SoundScan ya fara tattara bayanai kai tsaye daga na'urorin karɓar kuɗi na kantuna, kuma Hot 100 ta koma amfani da wannan tsari a ƙarshen Nuwamba na shekarar. Bambancin ya bayyana nan da nan, domin kiɗan karkarar Amurka da ake kira kantiri da kuma kiɗan rap sun yi tsallen da ya nuna cewa tun da daɗewa ana sayensu fiye da yadda masu kantuna suke faɗa. A Birtaniya an riga Amurka: daga 1969 wani kamfanin binciken kasuwa ya riƙa karɓar rubutaccen lissafi daga ɗaruruwan kantuna, sannan a 1983 kamfanin Gallup ya karɓi aikin da na'urori masu kwamfuta. Ko a wannan ma samfur ake ɗauka a ninka shi, ba kowane kanti ake ƙirgawa ba. Saboda haka idan faifanku na bayan 1991 ne, kuna iya samun adadin da za a dogara da shi, aƙalla na ƙasashen biyu. Idan na 1965 ne, sai an bi ta wata hanya.

Hanyar ita ce lambobin yabo na ciniki. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta fara bayar da lambar zinare a 1958, kuma "Catch a Falling Star" ta Perry Como ce ta fara samu. A lokacin, zinare na faifan waƙa ɗaya yana nufin kwafi miliyan 1. A 1976 aka ƙaro lambar filatinam ta miliyan 2, wadda "Disco Lady" ta Johnnie Taylor ta fara samu. A 1989 kuma aka rage ma'aunin, zinare ya koma 500,000, filatinam miliyan 1. A nan mutane suke faɗawa rami, domin zinaren 1975 ya ninka zinaren 1995, alhali sunan lambar bai canja ba. Birtaniya tana da nata ma'aunin tun 1973, shi ma an rage shi a 1989. Don haka kada ku ji an ce zinare ku rubuta adadi kafin ku san ƙasar da shekarar da aka ba da lambar.

Sannan a wancan zamani lambar ba ta ƙirga abin da ya shiga hannun mai saye, tana ƙirga abin da kamfani ya tura wa 'yan sari da kantuna ne. Wani kason yana iya yin kwantai a dawo da shi. Misalin da nake yawan kawowa shi ne "Candle in the Wind 1997" ta Elton John, wadda aka ba ta lambar kwafi miliyan 11 a Amurka, amma abin da SoundScan ya ƙirga a kantuna bai kai miliyan 9 ba. Idan irin wannan tazara ta samu a zamanin na'ura, ku auna yadda take a zamanin waya da takarda.

Akwai kuma matsalar da ta juya ta ɗaya gefen. A Amurka ba a ba da lamba sai kamfani ya nema, ya kuma yarda a binciki littattafansa. Kamfanin Motown ya shafe shekarun da ya fi tashe bai buɗe littattafansa ga ƙungiyar ba, shi ya sa waƙoƙinsa da dama da kowa ya san sun yi ciniki mai yawa ba su sami lamba a lokacinsu ba. Rashin lamba ba hujja ba ce ta rashin ciniki.

Adadin duniya baki ɗaya kuwa, shi ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Ana cewa "White Christmas" ta Bing Crosby, wadda ta fito a 1942, ta sayar da kwafi kusan miliyan 50, kuma kundin bajinta na Guinness ya amince da wannan a matsayin ƙiyasi. Mai yiwuwa ne ƙwarai ita ce kan gaba, amma mafi yawan cinikinta ya faru kafin a sami mai ƙirge na waje. Waƙar Elton John da na ambata ana ba ta kusan miliyan 33, adadin da ya fi ƙanƙanta amma ya fi samun madogara. Shawarata ita ce ku tara lambobin da faifan ya samu ƙasa bayan ƙasa, ku ɗauki jimillar a matsayin abin da ya kusa tabbata, sannan ku ɗauki adadin da kamfani ko mawaƙi ya faɗa a matsayin magana ta mai kaya. Idan za ku rubuta, ku rubuta duka biyun, ku faɗi inda kowanne ya fito.

Akwai waƙar da na san ta cika ko'ina a shekarun 1990, amma ban gan ta a Hot 100 ba. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Har zuwa Disamba na 1998, dokar jadawalin ita ce sai an fitar da waƙa a matsayin faifai mai zaman kansa a kasuwa kafin ta shiga. Kamfanoni sukan ƙi fitarwa domin a tilasta wa mutane sayen kundin gaba ɗaya, wato babban faifai mai waƙoƙi da yawa. Haka "Don't Speak" ta No Doubt ta yi mako 16 tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi sanyawa a rediyo ba tare da ta shiga Hot 100 ba.

Me ya sa ba a ganin mawaƙanmu irin su Shata da Ɗan Maraya Jos?

Wannan tambaya tana zuwa mini da ɓacin rai, kamar an yi wa wani rashin adalci, alhali jadawalan nan kantunan Amurka da Birtaniya kaɗai suke ƙirgawa. 'Yan Afirka da faya-fayansu suka shiga waɗancan kantuna sun bayyana. A Hot 100, Miriam Makeba ta kai ta 12 da "Pata Pata" a 1967, Hugh Masekela ya zo na ɗaya da "Grazing in the Grass" a 1968, Manu Dibango na Kamaru ya shiga arba'in na farko da "Soul Makossa" a 1973. A Najeriya ta wancan zamani babu wata hukuma mai zaman kanta da ke tattara cinikin kantuna mako-mako, kuma da kaset ya shigo, kwafin da aka yi a kasuwa ba da izini ba babu littafin da ya shiga. Ko miliyan 13 da ake yawan ambata wa "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976, ƙiyasi ne. Darajar Shata ba ta jiran shaidar wata mujalla ta Amurka, kuma ina roƙo a daina ƙirƙiro masa alƙaluman da babu wanda ya ƙirga.

Mawaƙan yanzu sun karya tarihin na da, ko ba haka ba?

Ma'aunin ya canja, don haka kwatancin ba ya tsayuwa. Billboard ta fara ƙirga waƙoƙin da ake saya a sauke ta intanet a 2005, ta ƙara da kallon YouTube a 2013. Birtaniya ta shigar da sauraro ta intanet a 2014, inda da farko sauraro 100 ya zama daidai da sayen faifai ɗaya. Shi ya sa a watan Maris na 2017 Ed Sheeran ya iya riƙe gurbi 16 cikin 20 na farko, domin a lokacin kowace waƙa ta cikin kundinsa ana ƙirga ta daban. Wanda ya sayi faifai a 1964 sau ɗaya aka ƙirga shi, ko da ya saurare shi sau dubu.

Na gaji tsofaffin faya-fayai, cikinsu akwai waɗanda suka zo na ɗaya. Suna da tsada?

Galibi ba su da ita, domin faifan da ya zo na ɗaya an buga shi da yawan gaske, kuma masu tarawa abin da ya yi ƙaranci suke nema, musamman bugun farko mai lafiya da ke cikin rigarsa ta asali. Duk da haka kada ku zubar da su. Ku jera su a tsaye, kada ku ɗora wani a kan wani, ku nisanta su daga rana da zafin ɗakin kwano domin zafi yana lanƙwasa su, kuma na garmaho masu juyi 78 ku riƙe su da hannu biyu, domin faɗuwa ɗaya ta isa ta fasa su.