Rabon diski kafin gina LFS: ga amsoshin, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Tambayoyin nan dai su ne kullum, yau wani ya tambaya gobe wani ya sake tambaya kamar ba a taɓa amsawa ba. LFS nake nufi, wato Linux From Scratch, littafin da Gerard Beekmans ya fara a 1999 wanda ke koya maka haɗa Linux da hannunka tun daga lambar tushe.

GB nawa zan ware?

30. Littafin ya ce 10 ne mafi ƙaranci, amma 30 ne zai ba ka sarari in kana da niyyar ci gaba zuwa BLFS, littafin da ke biye da shi na ƙarin manhajoji. Tsarin da aka gama bai kai haka ba, kamfayil ɗin GCC (manhajar da ke mayar da lambar tushe abin da kwamfuta ke iya gudanarwa) ne ke cinye GB da dama na ɗan lokaci.

Ba zan iya yi a cikin folda kawai ba?

Za ka iya ginawa, amma da me za ka tashi kwamfutar? Yi fatishan, wato ka ware masa wani yanki na diski daban. In kana tsoron taɓa diskinka, buɗe VirtualBox ko QEMU ka ƙara diski na biyu, ka yi ɓarnarka a can.

Wane tsarin fayil zan sa wa fatishan ɗin, ext4 ko btrfs ko xfs?

ext4. Kayan aikinsa na cikin littafin, na sauran sai a BLFS. Kuma ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki za ka gode wa jonal ɗinsa, rajistar da yake dubawa ya gyara kansa.

Na ga an ce a ware /usr daban, ya fi tsari

Wa ya ce? Rubutun shekara nawa ka karanto? Tun fitowar LFS 11.0 a 2021, /bin da /lib da /sbin duk mahaɗa ne kawai masu nuni zuwa cikin /usr. Kanel, wato zuciyar Linux, fatishan ɗin tushe (/) kaɗai yake ɗorawa, sai ya nemi init, shirin farko da ke tayar da sauran, init kuma yana cikin /usr ɗin da ba a ɗora ba, shikenan sai fanik, kanel ya tsaya cik. Sai da initramfs, ɗan ƙaramin tsarin da ke fara tashi ya ɗora fatishan ɗin da ake buƙata, ake gyara wannan, kuma littafin ba ya gina shi. Haka sa tushen a kan LVM, tsarin haɗa fatishan da sake raba su, haka ɓoye tushen da LUKS, duk sai da initramfs. Malam ka fara ganin abin ya tashi tukuna kafin ka fara ado.

Suwaf, wurin diskin da ake ara in ram ya cika, ninki biyu na ram, ko?

Tsohon zance ne. Amma kar ka ce ba ka buƙata sam, musamman masu laftof tokunbo mai ram 4GB, in ka buga make -j4 a kan GCC ba suwaf, kanel zai kashe aikin a tsakiya ka zo kana cewa littafin na da kuskure. 2 zuwa 4 GB ya isa. In Linux ɗin da kake aiki a kansa yana da fatishan ɗin suwaf, yi amfani da shi, ba sai ka yanka sabo ba.

Ina da Windows da Ubuntu a laftof ɗin, ina zan saka /boot, kuma ya zan yi da fatishan ɗin EFI?

To wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ta danganta da injinka. Fara duba ko akwai /sys/firmware/efi, in akwai to da UEFI, magajin BIOS, ka tashi, kuma kusan tabbas diskin GPT ne, sabon tsarin raba diski, akwai wani ƙaramin fatishan na FAT32 wanda Windows ya yi, yawanci 100 MB. Wannan kar ka fomata shi. Na sake faɗa, kar ka buga mkfs a kansa, a ciki Windows da Ubuntu suka ajiye abin tashinsu. Guda ɗayan nan ya ishi kowa, kowane tsari na da foldarsa a ƙarƙashin EFI.

Ni a ganina, a karon farko kar ma ka saka GRUB, manhajar da ke ba ka zaɓin tsarin da za ka tashi da shi, daga cikin LFS. Bar na Ubuntu ya ci gaba da aikinsa, ka ƙara masa layin LFS a /etc/grub.d/40_custom ka buga update-grub. Wasu za su ce os-prober, mai nemo wa GRUB sauran tsarin da ke kan diski, zai gano shi da kansa, wataƙila, amma tun GRUB 2.06 a kashe yake zuwa sai an kunna, kuma ko ya gano ba kullum yake rubuta layin daidai ba. A wannan tsarin /boot daban ba dole ba ne, bar shi cikin tushen LFS, GRUB na karanta ext4 lafiya lau. In kuma kana shirin gina LFS fiye da ɗaya a diski ɗaya, to /boot na kamar 200 MB da duk za su raba yana da amfani, sai dai ka kula da sunayen kanel kar wani ya danne wani.

Sai maganar Secure Boot, saitin da ke hana tashin abin da ba shi da sa hannun da injin ya yarda da shi. Kanel ɗin da ka gina da hannunka ba shi da sa hannu, don haka mai yiwuwa sai ka kashe Secure Boot ɗin a saitin injin, kuma in Windows ɗinka na da BitLocker, mai ɓoye diski, yana iya tambayarka mabuɗin ceto bayan ka taɓa wannan saitin, to nemo mabuɗin ka rubuta a takarda tun kafin. Rage girman fatishan ɗin Windows kuma daga cikin Windows ɗin ya fi kwanciyar hankali. Sannan a layin kanel na GRUB, inda ake nuna masa fatishan ɗin tushe, ka rubuta root=PARTUUID, kar ka rubuta root=UUID, na biyun initramfs ne ke fassara shi kai kuma ba ka da shi. /dev/sda3 ma zai yi, har ranar da ka soka filash sunayen suka juya. In kuma injin tsoho ne mai BIOS amma diskin GPT, kuma kana so ka saka GRUB da kanka, akwai ɗan fatishan na 1 MB da yake buƙata, ba a fomata shi, ba a ɗora shi. Duk wannan a kan yawancin injuna nake magana, wasu kamfanonin UEFI ɗinsu na da taurin kai, don haka ajiye filash mai Linux a kusa.

MBR ko GPT?

GPT. MBR manyan fatishan 4 kawai, kuma yana tsayawa a 2 TB.

Zan iya raba /home ɗaya da Ubuntu?

Ware /home daban abu ne mai kyau, in ka sake gini fayilolinka na nan. Amma rabawa da Ubuntu, lambar yuza sai ta zo ɗaya, kuma fayilolin saiti za su riƙa karo. Bari sai daga baya.

Na gama komai, ya ce ya kasa ɗora tushe. Na ɓata fatishan ɗin ne?

Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya. Yawanci ext4 ko direban diskin, SATA ko NVMe, ka bari a matsayin modul. A saitin kanel ka sa musu tauraro, ba M ba. Koma chroot, wato ka shiga LFS ɗin daga cikin Linux ɗin da ka gina shi a kai, ka sake kamfayil ɗin kanel kawai, sauran aikinka na nan.

Na kashe kwamfuta na dawo, /mnt/lfs ba komai a ciki

Ba ka ɗora fatishan ɗin ba ne. Kuma tunda muna nan, buga echo $LFS, ka ga ya nuna /mnt/lfs, kafin kowane umarni da kake yi a matsayin root, kowane ɗaya. In ya fito fanko, chown ɗin da ka nufa da $LFS/usr a kan /usr na Ubuntu ɗinka zai sauka, sudo ya daina aiki, kuma wannan ba ni zan gyara maka ba.