Taswirar mazaunin kifi a gabar tekun Ghana: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ake nufi da taswirar mazaunin kifi?

Taswira ce da ke nuna abin da ke bakin teku da ƙarƙashinsa: inda yashi yake, inda laka take, inda duwatsu suke, da wuraren da kogi ke haɗuwa da teku, da tafkuna, da dazuzzukan manguruf, wato itatuwan nan masu saiwoyi a waje da ke tsirowa cikin ruwa mai gishiri. Gabar tekun Ghana ta kai kusan kilomita 550, kuma kifi ba ya bazuwa a cikinta daidai wa daida. Kowane iri yana da inda yake zuba ƙwai, da inda 'ya'yansa ke fakewa har su yi ƙwari.

Ta yaya ake haɗa ta?

Kashi na farko yana zuwa daga sama. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, na Sentinel-2 kuma, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna iya bambance fili mai faɗin mita 10, kuma hotunan dukansu kyauta ne, saboda haka mai bincike a Jami'ar Cape Coast ko ta Legon yana iya jera hoton bakin kogin Volta na shekarun baya da na bana ya auna yawan manguruf da aka sare. Jirage marasa matuƙa suna cike abin da ya yi wa tauraron ƙanƙanta.

Amma hoton sama ba ya ratsa ruwa mai zurfi ko mai duhun laka. A nan sai an shiga jirgi da na'urar da ke aika sauti ƙasa tana auna dawowarsa, sannan a ɗebo laka ko yashin wurin a duba. Kashi na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne a zauna da masunta. Tsohon masunci a Jamestown ko Elmina ya san duwatsun da ke yaga masa raga, ya kuma san watan da kifi mai ƙwai ke taruwa a kansu, kuma taswirar da ba ta ɗauki wannan sani ba za ta fito da giɓi.

Wane amfani hukuma za ta yi da ita?

Tsohuwar dokar kamun kifi ta 2002, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta keɓe wa masu kwalekwale ruwan da ke kusa da gaɓa, mil 6 na teku ko zurfin mita 30, ta hana manyan jirage masu jan raga a ƙasa shiga. Iyaka irin wannan ba ta tsaruwa sai an san zurfin kowane wuri, kuma idan aka ɗora hanyar da jirgi ya bi a kan taswira, an sami shaidar da za a kai gaban alƙali. Haka nan idan za a rufe wani yanki don kifi ya hayayyafa, taswira ce ke nuna inda rufewar za ta yi amfani, kada a hana mutane neman abinci a wurin da babu abin karewa.

Akwai inda aka ga amfanin sanin wuri a kusa da Accra?

Akwai, a bakin kogin Densu, ɗaya daga cikin wurare biyar na gabar Ghana da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar, ta kare wurare masu dausayi, a 1992. Matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu masu tsintar kawa sun haɗa ƙungiya, suka koyi auna gishirin ruwa, suka san inda kawa ta fi kamawa, sannan suka amince su riƙa dakatar da tsinta na wasu watanni kowace shekara. Suna mayar da ɓawon kawa cikin ruwa domin ƙanana su sami abin mannewa, suna kuma sake dasa manguruf. Abin ya yiwu ne domin wurin ƙarami ne, an san iyakarsa, kuma masu cin moriyarsa su ne masu gadinsa.

To, taswira za ta dawo da ƙananan kifayen da suka yi ƙaranci a kasuwa?

Ita kaɗai, a'a. Kifin sadin da ake bandarwa a unguwar Chorkor ta Accra yana hayayyafa ne a buɗaɗɗen teku, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa da abincinsa, kuma abin da ya karya shi kamu ne fiye da kima, da kamu da fitila, da cinikin saiko, inda manyan jirage suka riƙa sayar wa kwalekwale daskararren kifi a tsakiyar teku. Shi ya sa aka shigar da masu kwalekwale cikin hutun kamun kifi a 2019. Taswira tana nuna inda ɓarna ke aukuwa, hana ta kuwa aikin sintiri ne da kotu, kuma Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi a 2021 saboda raunin wannan ɓangaren.

Mu mutanen zango, ina ruwanmu, tunda ba ma shiga teku?

Kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki na dabba da ake ci a Ghana daga kifi yake, kuma mai sayar da tuwo ko wake da shinkafa a Nima ta fi kowa sanin yadda farashin busasshen kifi ya tashi. Bayan haka, babbar kwatar da ta ratsa Nima tana zuba cikin kogin Odaw, Odaw kuma cikin tafkin Korle, wanda a da ake kamun kifi a cikinsa, yanzu kuwa ya zama matattarar shara da dagwalo. Duk taswirar da ta bi ruwan Korle zuwa asalinsa sai ta iso unguwanninmu, kuma ledar da aka jefa a kwata da damina tana iya ƙarewa cikin ragar masuncin Jamestown.