Tsaga da ɗaurin tamau ba sa fitar da dafin maciji

Tun muna yara a ƙauyukanmu na Jigawa muke jin cewa idan maciji ya sari mutum a gona, a ɗaure ƙafar tamau da igiya, a tsaga wurin da reza, a tsotse dafin. Iyayenmu da suka yi haka ceton rai suke nufi, ga asibiti da nisa.

Sai dai binciken likitoci ya nuna tsotsa ba ta fitar da dafin. Kububuwa, wadda ta fi kashe manoma a arewa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Tsaga ke nan ƙofa aka buɗe wa jini ya yi ta zuba, alhali har dasashin mutum yakan zubar da jini. Ɗaurin tamau kuwa yana hana ƙafa samun jini, ta yi baƙi, wani lokaci sai an yanke ta. Wannan ne ya fi damuna.

To me ya sa wasu ke warkewa? Ba a kowane sara maciji ke zuba dafi ba. Mutum ya tashi, sai a ce tsagar ce ta yi aiki.

Ana iya gani da ido ko dafin kububuwa ya shiga jiki. A asibiti ana zuba jinin wanda macijin ya sara a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi na aiki a jiki, sai allurar maganin dafi.

A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. Don Allah a tura wa 'yan uwa manoma da makiyaya wannan bayani.