Lita nawa a buhu? Amsoshi ga masu injina a Garwa da Marwa

Shekara da shekaru ina yawo da jakar sifanu tsakanin Garwa, Gider da Marwa, ina duba injinan casar shinkafa, na matsar gyaɗa da na ƙanƙara. Duk inda na sauka, tun ban sha ruwa ba, tambayoyin nan dai su ne. Na gaji da ɗaga murya a bakin inji ana ƙara ba ma jin juna, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Kuɗin wuta da na gazuwal (man dizal) sun yi min yawa. Me zan yi?

Lita nawa kake ƙonawa a kan kowane buhu? In ba ka san amsa ba, Alhaji, ba mu fara magana ba tukuna.

Ai ina da lissafi, duk wata na san abin da na kashe.

Ka san abin da ya fita daga aljihu, shi ke nan. A farkon 2023 litar gazuwal a gidan mai ta tashi daga sefa 575 zuwa 720, a Fabrairun 2024 ta koma 828. Wanda yake lissafi da kuɗi sai ya ga kamar injinsa ne ya lalace, alhali injin yana nan yadda yake. Wani kuma injin nasa ne ya lalace da gaske, ya ɗora wa farashi laifi ya kwanta. Ka ƙirga lita, ka ƙirga kilowat, ka raba da kilon abin da ka fitar. Kuɗi sai daga baya.

To me zan riƙa aunawa?

Nauyin abin da ya shiga, nauyin abin da ya fito mai sayuwa, man da aka zuba ko lambar da mita ta nuna safe da yamma, da awannin da inji ya yi yana juyawa. Mai ƙanƙara da mai ruwan leda su ƙara da mitar ruwa. Kullum, a lokaci ɗaya, mutum ɗaya. Ba ya cin minti biyar.

Buhu ai buhu ne, sai na sayi sikeli?

Sai ka saya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ƙimar ce take cinye ku. Buhun shansherar da aka ɗinke a Yagwa da wanda aka cusa a Lagdo ba nauyinsu ɗaya ba, kuma buhun da ya kwana a ƙasa mai danshi ya fi na jiya nauyi ba tare da ƙwaya ɗaya ta ƙaru ba. Haka man kwalba na bakin titi, zuwa-zuwa: wa ya ce maka kwalbar lita ce cif? Ka samu jarka ɗaya ka auna ta a gidan mai, ka yi mata zane, ita ce ma'auninka har abada.

Wani yaro da ya yi karatu ya ce sai na sa kwamfuta da wani abu wai ISO.

Yaron bai yi ƙarya ba, ya dai yi gaggawa. ISO 50001 ƙa'ida ce ta duniya kan tattalin makamashi, ta fito a 2011, kuma in ka tuɓe mata babbar riga abin da ke ciki shi ne: san inda kake, zaɓi lambar da za ka riƙa bi, sa buri, dawo ka duba. Manyan masana'antu da lamba irin wannan suke kwana suke tashi. A gurzar auduga, wadda kamfanin Sodecoton ke yi a yankin nan tun 1974, lambar farko ita ce kilo nawa na tsantsar auduga ya fito daga kilo 100 mai gurya. Yakan kama 40 da ɗoriya. A shekarar da aka sayi tan 300,000, ɗigo ɗaya cikin ɗari tan 3,000 ke nan. Masu siminti irin na Figil, da tandunsu ke kai zafi wajen 1,450, suna bin makamashin da kowane tan ya ci. Kai da su bambancinku girman littafi ne kawai. Fara da na takarda.

Na rubuta na wata guda, amma lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Yau ƙasa, gobe sama. A ina zan kafa burina?

Yauwa. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda da zan miƙa maka in tafi.

Da farko kada ka tsorata, kowa tasa haka take rawa. Abin yi shi ne ka gano rawar da kai ka jawo da wadda ba ruwanka. Babbar wadda ba ruwanka ita ce wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana rataye da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai megawat 72, wadda aka gama a 1982. Shekarar da ruwa ya yi ƙasa, rani na kamawa sai a shiga rabon wuta. Gonakin sola na Marwa da Gider sun rage zafin abin, amma har yanzu kusan kowa yana da janareta a bayan shago. Saboda haka ranar wuta da ranar gurup, wato janareta, kada su haɗu a shafi ɗaya. In dole ne ka haɗa, janareta mai lafiya da aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa yakan ba da wajen kilowat-awa 3 a lita. Na ce wajen, domin in babba ne kuma ɗan ƙaramin aiki yake ja, ba zai kai ba ko kusa. Gara dai shafi biyu, buri biyu.

Sai yawan aiki. Akwai abin da masana'anta ke ci ko an yi buhu ɗaya ko an yi ɗari: ɗumama inji, fitilu, fanka, juyawar banza tsakanin wannan mai kaya da wancan. Ranar da aiki ya yi kaɗan, wannan kason yakan faɗa kan buhuna kaɗan, lambar ta kumbura. Ba lallai ne wani ya yi laifi ba. Shi ya sa ba na son a yi hukunci da rana ɗaya. A tara mako. Wani lokaci ma maganin ba a jikin inji yake ba, a tsarin karɓar kaya yake: ka tara na mutum biyar ka tayar sau ɗaya. Na san mai kaya ba ya son jira, kuma in ka matsa masa zai wuce wajen maƙwabcinka. Wannan kai za ka auna, ni ban san mutanenka ba.

Sai kayan da kansu. Shanshera tana son danshi wajen 14 cikin ɗari a lokacin casa. Sabuwar kaka mai ruwa tana wahalar da inji, wadda ta sha rana har ta ƙone kuma tana karyewa. Mai ƙanƙara shi ma kada ya gwada Afrilu, lokacin da Garwa ke haura 40, da sanyin Disamba. Kaka da kaka ake gwadawa, bazara da bazara. Gaskiyar magana, sai littafi ya zagaye shekara kafin ka san masana'antarka sosai. Amma ba za ka naɗe hannu shekara guda ba.

Ga yadda nake yi, kuma lambobin nan misali ne na ƙirƙira, kada wani ya kwafa ya ce na ce. A ce mako huɗu na gurup sun ba ka lita 7, 9, 8 da 10 a kan kowane tan. Tsaka-tsaki 8 da rabi. Makon da ya fi kyau 7. Wannan 7 ɗin injinka ne ya yi ta, da yaranka, da shinkafar garinku, don haka ba wanda zai ce maka ba ta yiwuwa. Amma kada ka yi tsalle ka ce daga gobe 7. Ka fara bincika ko gaskiya ce: sau da yawa makon da ya fi kyau shi ne makon da aka manta ba a rubuta jarka ɗaya ba. In ta tabbata, ka tambayi me ya bambanta makon. Sannan ka ce, nan da wata uku tsaka-tsakinmu ya sauko 8. In an kai, a sake zama. In ba a kai ba, a duba dalili kafin a duba mutum.

Kuma buri ɗaya shi kaɗai yana da haɗari. Ka ce wa yaro ya rage mai kawai, zai buɗe wa inji baki ya tura kaya da sauri, man ya ragu, shinkafa ta fito rabi tsaki. Mai matsar gyaɗa zai bar mai a cikin tunkuza. Saboda haka kowane buri na mai a ɗaure shi da na abin da ya fito: kilo nawa na shinkafa mai kyau daga kilo 100, lita nawa na man gyaɗa daga buhu. Inji mai kyau yakan fitar da kashi 60 da wani abu na shinkafa daga shanshera, tsofaffin masu ƙarfe sukan gaza haka kuma sun fi karyawa. In lamba ɗaya ta gyaru ɗayar ta lalace, ba ka ci komai ba, wataƙila ma ka yi asara, tunda kilon shinkafa da ya koma tsaki ya fi ɗan man da aka tsimi ciwo.

Ko da duk wannan, zan iya yin kuskure a kan taka masana'antar. Akwai inda na ga lamba ta ƙi sauka wata da watanni, ashe sikelin ne ya karkace.

Maƙwabcina ya ce shi rabin nawa yake ƙonawa.

Ka ga littafinsa? To.

Ni dai na tabbata yaran nan suna sace min mai.

Wannan ce nake ji fiye da kowace, kuma ita ce ke ɓata min rai. Akwai ɓarayi, ban musa ba. Amma bari in gaya maka abin da na gani. Wani dattijo a nan Garwa ya kira ni yana huci, har ya sallami yaro ɗaya. Na ce, Baba, ba ni kwana ɗaya. Na fere sanda na yi mata tsaga-tsaga, na tsoma a tanki da safe, na ja benci na zauna. Da azahar ta yi aka tsayar da casa, aka tafi salla, aka dawo aka zauna cin abinci, aka ɗan kishingiɗa. Gurup yana ta ruri shi kaɗai har kusan la'asar. Me yake ja? Fanka ɗaya a ofishin Baba, da wayoyi shida a jone. Da aka koma aiki na kai hannu kusa da boris, zafi kamar kaskon waina. Bel ya saki yana ta kuka, ƙurar ɓuntu ta toshe matatar iska har ba ka ganin takardar. Na tsoma sandar da yamma, na nuna masa tsagar safe, da ta azahar, da ta la'asar. Ya daɗe yana kallonta. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, ina yaron nan yake zaune?"

Ka auna kafin ka ɗora wa ɗan mutane sata. In bayan ka auna lita ta ɓace tsakanin rufewar dare da buɗewar safe, inji a kashe, to wannan wata magana ce, ka sayi kwaɗo.

Ruwa fa? Takardar ruwa ma ta hau.

Rufe kowane famfo da dare ka rubuta lambar mita. Da asuba ka sake dubawa. In ta motsa, ƙasa kake shayarwa.

In sayi sabon inji ne, ko in sa sola?

Ba yanzu ba. Kawo min littafin wata uku. Wanda bai san kilowat nawa yake ci da rana ba, mai sayar da sola ne zai zaɓa masa girma, kuma ka san wanda zai zaɓa. Ɗaure bel, wanke matata, sa giris, kashe abin da ba ya aiki. Ga abin da ya rage, sannan mu yi maganar saye.

Ɓuntun da ke tare a bayan shago shi ma yana cikin lissafi?

Da kuɗinka ka saye shi, ko kyauta aka ba ka? Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Yana ci da wuta, masu turara shinkafa za su iya rage itace da shi, masu kaji suna shimfiɗawa. Dusa kuwa ba sai na faɗa ba, masu kiwo na nemanta. Dubi gurya: da ita ake yin man girki na Diamaor a Garwa da Marwa, abin da ya rage kuma ya zama abincin shanu. Ka auna naka ka rubuta, ko da yau ba ka da mai saye. Ina jin takaici in ga ana cinna masa wuta da magariba, hayaƙi ya rufe unguwa.

Yaron da ke kan inji bai yi boko ba, ba ya jin Faransanci.

Ya yi allo? Ya rubuta da ajami. Ka ja masa layuka da kanka, ka nuna masa sau biyu. Littafin 'yan makaranta ya isa, a huda shi a ɗaure da igiya a ƙusa kusa da mita, biro a jiki. Ran Juma'a kafin a tafi masallaci ku zauna kai da shi ku raba lambobin, ya ji da kunnensa abin da makon ya bayar. Kuma kar a kai littafin gida.