Kuɗin fom kafin a ba ka rance: abin da dokar Najeriya ta tanada

A Kasuwar Mile 12 da ke Legas, ɗan kasuwar da motar albasarsa ta taso daga Arewa alhali kuɗin dako da na sauke kaya ba su cika ba, babu abin da yake nema kamar wanda zai ranta masa kafin wayewar gari. Irin wannan matsi ne 'yan damfara suke dako. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko talla ta bayyana a Facebook cewa ana ba da rancen naira 500,000 babu jingina babu mai tsayawa, wanda zai kira kuma ba mamaki da Hausa zai yi magana: "Alhaji, an amince da buƙatarka, saura kuɗin fom naira 15,000 kawai." Idan aka tura, sai a ce akwai kuɗin inshora, bayansa kuɗin buɗe asusu, daga nan sai lambar ta daina shiga. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, shi ya sa ba na ganin wanda aka cuta ta wannan hanya a matsayin wawa.

Abin da jama'a ke kira "419" ya samo sunansa ne daga sashe na 419 na kundin laifuffuka da aka daɗe ana aiki da shi a Kudancin Najeriya, wanda ya haramta karɓar dukiyar mutum ta hanyar ƙarya. Sai dai dokar da ta fi dacewa da wannan batu a yau ita ce dokar tarayya ta 2006 kan damfarar karɓar kuɗi tun gaba da sauran laifuffukan zamba, wadda take aiki a Legas kamar yadda take aiki a Kano ko Sakkwato. Sashenta na 1 ya ce duk wanda ya yi amfani da ƙarya da niyyar zamba ya karɓi dukiyar wani, ko ya sa aka miƙa ta ga wani, ya aikata laifi, hukuncinsa kuma ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce shekara 20 ba, kuma babu zaɓin biyan tara. Sashen ya ƙara da cewa laifin yana nan ko da an karɓi kuɗin ne ta hanyar yarjejeniya, matuƙar ƙarya ce ta jawo aka ƙulla ta. Don haka hujjar nan ta "ai da hannunka ka cike fom, kuma an rubuta ba a mayar da kuɗi" ba ta wanke kowa a gaban alƙali.

Akwai wani lungu da ya kamata a fahimta. Ƙaryar da dokar take nufi ita ce wadda aka yi kan wani abu da ya gabata ko yake nan a halin yanzu, mai faɗarta kuma ya san ba gaskiya ba ce. Saɓa alkawari kaɗai bai kai ya zama damfara ba, shi ya sa wanda ya ranci kuɗi da gaskiya ya kasa biya, shari'arsa ta bashi ce, ba ta laifi ba. Amma wanda ya ce yana aiki da bankin da bai taɓa ɗaukarsa ba, ko ya ce an riga an amince da rancen da babu shi, ya yi ƙarya kan abin da ke nan yanzu, kuma a nan ne dokar take kama shi. Wannan ne dalilin da ya sa kalmomin da ya rubuta da muryar da ya tura suke da daraja fiye da yadda mutane ke zato.

Wani zai tambaya ko bankuna na gaskiya ba sa cajin komai a kan rance. Suna caja, amma da iyaka. A jagorar cajin kuɗi ta Babban Bankin Najeriya, CBN, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, kuɗin gudanar da rance bai wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka ba mai rancen ba, ana karɓarsa sau ɗaya, kuma ba a cajinsa a kan buƙatar da ba a amince da ita ba. A lissafin ɗan kasuwarmu na Mile 12, kashi 1 na naira 500,000 naira 5,000 ke nan, kuma a rubuce zai gan ta a takardar tayin rance tare da yawan ruwa da lokacin biya, galibi kuma daga cikin rancen ko daga asusunsa na bankin za a cire. Idan kuwa aka ba ka lambar asusu mai sunan wani mutum, ko aka ce ka je wurin mai POS ka tura kafin ka ga ko sisin kwabo, to magana ta ƙare, domin banki ba ya karɓar kuɗinsa a asusun ma'aikacinsa.

Takardar rajistar kamfani ta CAC da suke yawan turowa a hoto ba izinin ba da rance ba ce. Bankuna da ƙananan bankuna daga CBN suke samun lasisi, kuma sunayensu suna shafinsa na intanet. Masu ba da rance ta manhajar waya, tun daga 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta wajabta musu rajista, tana kuma wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Mai ba da bashi da ruwa wanda ba banki ba shi ma sai da lasisi a ƙarƙashin dokar jihar Legas. Ko sunan yana cikin jerin, a tabbatar ta reshe ko lambar da ke shafin kamfanin, saboda aron sunan kamfani na gaskiya shi ne mafi sauƙin aiki ga ɗan damfara.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu a Agege da Idi-Araba shi ne kalmar "babu ruwa", domin mai gudun riba yakan saki jiki da zarar ya ji ta. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, duka da lasisin CBN, kuma tsarinsu da aka fi sani shi ne su sayi kayan su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Wanda ya yi alkawarin tsabar kuɗi babu ruwa babu jingina, sannan ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar nan da banki ke turowa ta tes, asusunka yake shirin kwashewa.

Ga wanda aka riga aka cuta, kunya ce babbar abokiyar gaba, doka kuwa ba ta ɗauke shi mai laifi ba. Ya sanar da bankinsa nan take don a nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe su kafin a cire, kada ya goge hirar, ya adana rasit da lambar asusun, sannan ya kai ƙorafi a rubuce ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi, ko sashen 'yan sanda mai binciken zamba da ke titin Milverton, shi ma a Ikoyi. Sashe na 11 na dokar nan ta 2006 ya umarci kotu ta sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta abin da ya rasa, ko da yake a aikace dawowar kuɗi ta dogara ne da abin da aka tarar a hannunsa. Sashe na 8 kuma ya daidaita hukuncin wanda ya haɗa baki ko ya taimaka da na mai laifin, don haka matashin da ya ara wa wani asusunsa a kan ɗan ihisani, yana sane da abin da za a yi da shi, sunansa ne zai fara bayyana a takardar banki idan masu bincike suka bi sawun kuɗin.