Tarukan Duniya Kan Sauyin Yanayi da Alƙawuran Najeriya

Tarukan sauyin yanayi, waɗanda aka fi sani da COP, zama ne da ƙasashen duniya ke yi kusan kowace shekara a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da kuma shirya wa illolin da ɗumamar ta riga ta jawo. A karkarar Kano da Jigawa ba kasafai ake jin sunan tarukan ba sai a rediyo. Abin da manomi ya sani shi ne kwararowar hamada, jinkirin damina, da ambaliyar da ke cinye shinkafa tun ba ta nuna ba.

Kafin tarukan

Matsalar ta girmi yarjejeniyoyin. Farin da aka yi wajen 1972 zuwa 1974 ya ƙone gero da dawa a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Gumel, Haɗejiya da Kazaure, ya kuma kashe dabbobi masu yawa. Wani farin ya sake biyowa a 1983 da 1984. Gwamnatin Audu Baƙo ta zaɓi hanyar tara ruwa, kuma madatsar Tiga, da aka kammala wajen 1974, ita ce babbar shaidar wannan tunani. Ta bunƙasa noman rani a Kadawa da Kura, amma ta rage ambaliyar shekara-shekara da fadamun Haɗejiya da Nguru ke dogaro da ita. Madatsar Challawa, wadda ta zo a farkon shekarun 1990, ta ƙara sauya tafiyar kogin Haɗejiya. Daga baya ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗejiya, ta zama mafakar tsuntsaye jan-baki masu cinye amfanin gona.

A wancan zamanin ne kuma aka fara dasa shingayen bishiyoyi, galibi darbejiya da turare, a yankin Ɗambatta da garuruwan kan iyaka da Nijar, don su tare iska da rairayi. Wasu na nan tsaye har yau. Wasu sun tafi murhu. Ba a nan hikimar ta faro ba, domin tun kakanni manomi ba ya sare gawo a gonarsa, saboda yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani.

Daga Riyo zuwa Paris

An buɗe sa hannu kan babbar yarjejeniyar sauyin yanayi a taron Riyo de Janairo na Brazil a 1992, ta fara aiki a 1994. A shekarar 1994 ɗin ne aka ƙulla wata yarjejeniyar daban ta yaƙi da kwararowar hamada, wadda ta fi shafar arewa kai tsaye, ko da yake ba ta samu rabin sunan 'yar uwarta ba. Taron COP na farko an yi shi a Balin ta Jamus a 1995. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta ɗora nauyin rage hayaƙi a kan ƙasashe masu arzikin masana'antu kawai. A Kopenhagen, a 2009, waɗannan ƙasashe suka yi alƙawarin tara dala biliyan 100 a kowace shekara zuwa 2020 don tallafa wa ƙasashe masu tasowa. Ba a cika adadin a kan lokaci ba.

Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sauya tsarin: kowace ƙasa za ta faɗi abin da za ta iya da bakinta, ta riƙa sabunta shi duk shekara biyar. Burin shi ne kada ƙarin zafin duniya ya kai digiri 2, a yi ƙoƙari ya tsaya a 1.5.

Alƙawuran Najeriya

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar Paris a 2016, ƙasar ta amince da ita a hukumance a 2017. Najeriya ta ce za ta rage hayaƙi da kashi 20 cikin 100 zuwa 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 45 idan ta samu tallafi. A 2021 aka ɗaga na biyun zuwa 47. A taron Glasgow na wannan shekara Buhari ya sanar da 2060 a matsayin shekarar da hayaƙin da ƙasar ke fitarwa zai daidaita da wanda take cirewa, ya kuma rattaba hannu kan dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba.

Katangar bishiyoyi

Shirin da ya fi kusa da ƙauye shi ne Babbar Katangar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Sanagal zuwa Jibuti. Kano da Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya, kuma an kafa hukumarsa da doka a 2015. Ayyukansa sun haɗa da gidajen renon dashe, rijiyoyin burtsatse da shingayen bishiyoyi. Ana saɓani kan yawan dashen da ke rayuwa bayan damina ta farko.

Asara da diyya

A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Najeriya, Jigawa kuma na cikin jihohin da suka fi jin jiki, musamman Ringim, Auyo da Haɗejiya. Makonni kaɗan bayan haka, taron Sharm el-Sheikh na Masar ya amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna. A taron Baku na Azabaijan, a 2024, an tsayar da dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035 a matsayin sabon burin tallafa wa ƙasashe masu tasowa, adadin da wakilan ƙasashe masu tasowa da dama, har da Najeriya, suka ce ya yi kaɗan.