Ma'anar "dusar tafki", wadda ke binne yankin Buffalo da sanyi

Mai bibiyar labaran Amurka daga watan Nuwamba ba zai rasa ganin hoton nan ba: mutum ya buɗe ƙofar gidansa da safe, sai ya yi kiciɓis da farin bango tun daga ƙasa har sama, har da shatin ƙofar a jikinsa. Galibi daga yankin Buffalo ne, a jihar New York. Masu hasashen yanayi na can suna da suna na musamman da suke kiran irin wannan zubar, wanda in aka mayar da shi Hausa zai zama "dusar tafki", wato dusar ƙanƙarar da tafki ya haifa.

A fara raba ta da ƙanƙarar da muka sani. Wadda ke faɗowa da damina ta yayyaga ganyen masara, ta cika kunne da ƙara a kan kwanon rufi, dunƙulallen ruwa ce mai tauri. Ita kuwa dusar ƙanƙara, wanda ya raɗa mata suna ya iya kallo, don laushinta da rashin nauyinta sak dusar da aka sheƙe. Shiru take sauka, sai dai a wayi gari a ga ta shafe mota.

To, ina ruwan tafki a ciki? Buffalo tana bakin gabashin tafkin Erie, ɗaya daga manyan tafkuna biyar na yankin iyakar Amurka da Kanada, mai tsawon kusan kilomita 390. Ruwa ba ya saurin hucewa kamar ƙasa, saboda haka har Nuwamba da Disamba tafkin na riƙe da sauran ɗumin bazara. Sai iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada ta bi ta kansa. Wanda ya taɓa zuwa bakin kogi da asubar hunturu ya ga tururi na tashi daga ruwa, ya ga ƙaramin misalin abin. Iskar na kwasar danshi da ɗumi, ta yi sama, gajimare ya haɗu, da ta iso tudu sai ta juye kayanta. Ma'aunin masana shi ne ruwan ya fi iskar da ke kimanin kilomita ɗaya da rabi a sama ɗumi da digiri 13 na ma'aunin Celsius ko fiye. In kuma iskar ta taso daga kudu maso yamma, ta bi tafkin a tsawonsa, to ta sha ta ƙoshi kafin ta iso Buffalo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne son kanta. Gajimaren siriri ne kamar zirin kyalle. Wata unguwa na nutsewa, wata da ke 'yan kilomitoci kaɗan a arewa tana ganin rana. Haka aka yi a Nuwamban 2014, lokacin da garuruwan kudu da gabashin Buffalo suka sami kusan mita biyu cikin 'yan kwanaki, rufin gidaje suka rufta, mutum fiye da goma suka rasu. A Nuwamban 2022 ta maimaita: garuruwan Hamburg da Orchard Park da ke kudu da Buffalo suka sami wajen inci 80, mita biyu ke nan. Duk sau biyun sai da aka ɗauke wasan Buffalo Bills, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, daga filinta na Orchard Park aka kai birnin Detroit.

Nan ne gardamar "bana ta fi ta da" ke tasowa, kuma dattawan Buffalo ba sa yarda a wuce 1977. Sai dai guguwar ƙarshen Janairun shekarar daban take. Tafkin ya daskare tun tsakiyar Disamban 1976, dusa ta taru jibgi a kan ƙanƙararsa, sai iska mai gudun fiye da kilomita 100 a awa ta kwaso ta ta watsa cikin gari. Sabuwar da ta zubo daga sama kimanin santimita 30 ce kawai, amma tarin ya kai rufin gidaje, mutum fiye da 20 suka mutu. Lokacin sanyin 1976 zuwa 1977 gaba ɗaya ya tara kusan mita biyar, ninki biyu na abin da garin ya saba samu a shekara, kuma har yau shi ke riƙe da kambu. Guguwar Disamban 2022 kuwa ta haɗa duka biyun, ga zuba fiye da mita ɗaya ga iska, ta kashe mutum fiye da 40, wasu a cikin motocinsu.

Don haka in ka ji an ce "ba a taɓa ganin irinta ba", tambayi me aka auna. Ta kwana ɗaya, ta guguwa guda, ko ta lokacin sanyi duka? A ina kuma aka auna? Lissafin hukuma na Buffalo a filin jirgin sama ake ɗaukarsa, kuma a 2014 bakin gajimaren kawai ya shafe shi.

Masu cewa yawan dusa ya ƙaryata ɗumamar yanayi, a nan sun yi tuntuɓe. Erie shi ne mafi rashin zurfi a tafkunan biyar, shi ya sa ya fi saurin daskarewa, kuma da ƙanƙara ta rufe shi an toshe bakin tulu, danshi ya daina tashi. Shekarar da ya yi jinkirin daskarewa, ƙofar dusar tafki na nan a buɗe har cikin Janairu, muddin iskar sanyi ta zo.

Ba Amurka kaɗai ba ce. A Japan, iskar Siberiya ce ke ratsa teku ta sauke wa birnin Aomori fiye da mita biyar a shekara.